Ƙanzon da Aka Kawo Teburinmu

Akwai wani abincin dare da na ci a Tarauni, shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, wanda ba na jin zan manta da shi har in koma ga Mahaliccina. Yau gemuna ya yi fari, na ci abinci a garuruwa da dama, amma duk ranar da na ji ƙaurin tuwo ya kama gindin tukunya, sai in ga kaina zaune a wurin nan, hannuna a cikin akushi.

A lokacin ina aiki a Legas, a wani kamfanin sayar da kayan asibiti. Sabuwar gwamnati ta hau, kowa na cewa harkoki za su buɗe, sai kamfanin ya yi niyyar kafa reshe a Kano. Muka taho ni da maigidana na wurin aiki, wani dattijon Bayarabe da ya yi bautar ƙasa a Arewa, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ba a faɗa mini baki da baki ba, amma na san a wannan tafiyar zai yanke shawarar ko ni za a ba riƙon reshen. Shekara huɗu rabona da Kano, kuma Allah ya sani kewar gida ta ishe ni.

Sai dai akwai wani abu. Ni da bakina na sha cika masa baki a ofis cewa ni ɗan birni ne, ɗan babban gida. Gaskiyar magana kuwa, a ƙauye aka haife ni. Mahaifiyata ta rasu ina rarrafe, Goggo, ƙanwar babana, ita ta goye ni. Da na samu makarantar sakandare a Kano, mijinta ya riga ya rasu, sai ta tattara komatsanta ta biyo ni, ta kama ɗaki ɗaya a wani lungu a Gyadi-Gyadi don kawai kada in kwana da yunwa. Na gama, na tafi, ita tana nan a ɗakin. Nakan yi mata aike jefi-jefi, in ɗauka na sauke nauyi ke nan.

Rana ta biyu da isowarmu maigidana ya ce, "Kai ɗan Kano, na gaji da shinkafar otal. Yau kai ni inda zan ci abincin garinku na gaske. Amma wuri mai kyau fa, kada cikina ya kai ni asibitin da muka zo sayar wa kaya."

Na ɗauki maganar nan kamar jarrabawa. Tun bayan azahar na ɗauki shatar tasi, muka shiga gari neman wuri. Direban ya fara kai ni wajen wata mai tuwo a Hotoro, ya rantse duk Kano babu mai miyarta. Na yarda da shi, don ƙamshin kaɗai ya sa yawuna ya tsinke, amma da na ga benci da ƙuda da masu lodi suna ci suna share gumi da gefen riga, na ce mu ƙara gaba. Wuri na biyu kuwa fes yake, sai dai abincin ba namu ba ne, an dai rubuta tuwo a takarda don kada a ce babu. Sai can wajen la'asar ya tuna da wani sabon gida a Tarauni, inda ya ce sababbin 'yan siyasa ke kai baƙinsu.

Ina shiga na san na samu. Katangar waje duk hotunan 'yan takara ne ruwan sama ya fara ɗaye su, amma ciki darduma ce shimfiɗe, ga matasan fata na jingina, ga gajerun tebura, ga fanka tana kaɗawa. Abinci a akushi ake kawowa, a rufe da faifai, fura kuma a ƙwarya da ludayi. Wato kayan da muka taso muna jin kunyar a gan mu da su, su aka goge aka jera, manya suna tururuwa. Na kama mana wuri na fito ina jin kaina. A wannan yawon sau biyu muka wuce bakin lungun Goggo. Direban ma, da yake na ɗan gaya masa, ya ce, "Yallaɓai, ba ka ce nan gidanku yake ba? In tsaya?" Na ce masa sai gobe, yau ina da baƙo.

Bayan sallar magariba muka zauna. Na yi ta odar abinci kamar mai aurar da 'ya: masa da miyar taushe, farfesun kan rago, dambun nama, sannan tuwon dawa miyar kuka. Maigidana yana ci yana gyaɗa kai, ni kuma ina ta zuba bayani da ƙarfi, ina dariya irin ta wanda ya ga nasara ta kusa.

Lomar farko ta tuwon nan ce ta tsayar da ni. Goggo tana da wata ɗabi'a, sai ta ɗan gasa daddawa a bakin murhu kafin ta daka, shi ya sa miyarta take da wani ɗanɗano mai hayaƙi-hayaƙi da ban taɓa ji a hannun kowa ba. Shi na ji a bakina. Na ce a raina kewa ce kawai take mini wasa da hankali, na ci gaba da surutuna.

Can sai mai kawo abincin ya dawo da wani ɗan tsohon kwano duk ya lotse, wanda bai yi kama da kayan gidan ba. Ya ajiye a gabana yana ɗan jin nauyi, ya ce, "Ranka ya daɗe, daga madafa aka ce a kawo maka. Ba ya cikin abin da muke sayarwa." Na ɗaga faifan. Kwaɗon ƙanzo ne, ɓawon tuwon nan da ke kamawa a gindin tukunya, an jiƙa shi ya yi laushi, an cakuɗa da garin ƙuli-ƙuli da albasa da yaji. A tsakiyarsa an danna babban yatsa an yi ɗan rami, an tsiyaya man gyaɗa a ciki. Tun ina yaro haka Goggo take yi wa nawa, don yaran gida su san wannan na marayanta ne, ba a taɓawa.

Na ɗaga kai na dubi 'yar tagar da ake miƙo abinci daga madafa. Asabari ne a sake, ban ga fuska ba. Hannu kawai na gani ya riƙe gefensa, da tabon ƙunar nan a wuyan hannu, wanda ta samu ranar da ta fizge ni daga bakin tukunyar koko. Ashe aikin da take yi ke nan, ba ta taɓa gaya mini ba, ni kuma ban taɓa tambayar da me take rayuwa ba. Ƙanzo kuwa ba ya jiƙuwa nan take, don haka na san wanda ta jiƙa wa kanta ne, abincin darenta ta aiko mini.

Maigidana ya miƙo hannu ya ɗiba. Ya tauna, ya lumshe ido, ya ce, "Kai! Wannan ya fi duk abin da muka ci. Wa ya yi shi? A kira mini mai girkin nan, sai na gode mata da bakina."

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, taku goma ne tsakanina da ita. Amma sai na tuna da babban gidan da na gina masa a Legas da bakina, na tuna da reshen. Na ji muryata tana cewa, "Ai Yallaɓai, a al'adarmu mata masu girki ba sa fitowa gaban baƙi maza." Ya ce to, ba zai saɓa al'ada ba. Da na sake duban tagar, hannun ya sauka. Na cinye ƙanzon nan tas.

Washegari da sassafe na je Gyadi-Gyadi. Na same ta a kan tabarma tana jan carbi, ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Na durƙusa, bayan gaisuwa na ce, "Goggo, jiya..."

Ta katse ni. "Ka ci ka ƙoshi?"

"Na ƙoshi, Goggo."

"Baƙon naka fa, ya ji daɗi?"

"Ya ji. Har ya ce a kira ki."

"Na ji shi. Na ji abin da ka ce masa ma. Ka yi daidai, ɗan nan, zanena duk toka ne. Tun da na ji dariyarka na ce wannan nawa ne. Kai dai ka rame, ba sa ba ka tuwo a can ne?"

Ba ta ƙara tayar da maganar ba har abada. An ba ni reshen, na dawo Kano, na hana ta aikin, na yi mata abin da zan iya a 'yan shekarun da suka rage mata. Na ɗauka na wanke laifina.

Ranar sadakar ukunta wata tsohuwa da suka yi aiki tare a madafar ta zo mini gaisuwa. Ta dube ni ta ce, "Kai ne na ranar ƙanzo ko? Allah sarki. Da baƙon nan ya ce a kira ta, wallahi har ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ari mayafina ta tsaya bakin ƙofa. Tana ta ce mana, ɗana ne, ɗana ne ya zo da manya. Sai kuma muka ga ta cire mayafin ta miƙo mini, ta koma kan tukunya."

Gidan abincin nan ya daɗe da rufewa, reshen ma da na yi ƙarya dominsa babu shi yanzu. Matata takan yi mini kwaɗon ƙanzo, kuma ta iya, amma ban taɓa gaya mata zancen ramin yatsa ba, don ba na so kowa ya yi mini shi. Abin da na koya shi ne, wanda ya ciyar da kai kana ƙarami ba abincinka yake jira ba, so yake ka nuna shi a gaban mutane ka ce wannan nawa ne. In ka samu damar faɗa, ka tashi ka faɗa a lokacin. Ni taku goma aka nema a wurina na kasa, ga shi yau na fi shekara ashirin ina son in yi su.