Na goge muryar Inna da hannuna

'Yan uwa, yau da hannuna na goge muryar Inna.

Kun tuna rikodin ɗin da na ɗauka a Lugbe kafin ta rasu, tana yi mana addu'a ɗaya bayan ɗaya? Wayar da na ɗauka da ita ta ɓace tun bara, kwafi ɗaya tak ya rage a kwamfutata. Bayan azahar a ofis na ce bari in ƙunshe shi tare da hotunanta ta hanyar tar, manhajar da ke haɗa fayiloli a ƙunshi ɗaya, in turo muku.

Ƙa'idar na san ta kamar yunwar cikina. Sunan da ya biyo bayan -f shi ne ƙunshin da za a rubuta, sauran su ne kayan da za a zuba ciki. Garin sauri na tsallake sunan ƙunshin. Na buga tar -cf inna.mp3 hotuna, sai inna.mp3, fayil ɗin muryar, ya faɗa gurbin ƙunshin.

Tar ɗin ko tambayata bai yi ba. Ya zuba hotunan a kan muryar. Innalillahi!

Na ruga wajen Oga Bitrus, shugaban sashenmu. Ya ce, "Safiya, ina bakof, kwafin ajiya?" Na ce, "Oga, shi nake haɗawa." Ya yi ta fama har la'asar, sannan ya cire tabarau ya ce, "Ki yi haƙuri. Abin da kika ce ya yi, shi ya yi."

Hotunan suna nan lafiya lau. A ɗaya ma bakinta a buɗe yake, tana magana.

Don Allah duk mai tsohon saƙon muryarta ya turo min, ko da faɗa take yi.