Kwana uku na ƙi cewa da sauƙi

Shekara huɗu da wata bakwai ke nan rabona da Haɗeja. Rabona da rubutu a nan kuma wata tara. Masu cewa na yi kuɗi a Legas na manta da mutane, ga amsarku.

Da tafin ƙafa abin ya fara. Ina rumfa ina jera bandar kifi, sai na ji kamar kiyashi na bi na. Na ce gajiya ce. Washegari silifas ya zame daga ƙafata ban sani ba. Kwana shida, numfashi ya fara gagarata.

A asibiti suka ɗebi ruwa daga ƙashin bayana suka auna. Likita ya ce jikina ne ya juya yana cin jijiyoyinsa. Aka huda maƙogwarona aka sa bututu, inji ke yi mini numfashi. Ina ji, ina gani, hankalina garau, amma ba murya. Duk jikina yatsa ɗaya ne ke motsi, manunin hagu.

Kuɗin allurai da na gado suka cinye jarin, suka haɗa da rumfar.

Mai jinyata Kawu Ado ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya kawo ni garin nan. Ya kulle tasa rumfar ya tare a gefen gadona. Shi ke juya ni, shi ke goge ni. Zan faɗi laifinsa, shi ya sa na fara da wannan.

Akwai wata ma'aikaciya, Bayarabiya, mai kula da waɗanda magana ta gagara. Ta kawo wata na'ura kamar ƙatuwar waya ta ɗaura a ƙarfen gado, daidai yatsata. Fuskar na'urar gida-gida ce, ka taɓa gida ɗaya ta faɗi magana. Da Turanci na'urar take yi, Kawu kuwa ba ya ji, ga shi shi ne kullum a kusa da ni. Sai matar ta ce ya naɗi muryarsa da Hausa, abubuwan da mara lafiya ke faɗa. Ta wuce wani ɗakin.

Kawu ya naɗa. Jiƙa mini baki. Juya ni. Na gode. Alhamdu lillahi. Sannunku da zuwa. A gaida gida. Da sauƙi.

Ranar har hawaye na yi. Aka kira Inna can ƙauyenmu wajen Baturiya, ruwa ya yanke hanya ba ta iya fitowa. Ta ce ya jiki, na taɓa. Ta ji muryar ƙaninta, ta ce Ado ya daina yi mata wasa da hankali.

A sati na biyar ƙwaurina na dama ya ɗau ciwo kamar an binne garwashi a ciki. Kawu ya ga kumburi, ya ce na kwanciya ne, yana murza mini man zafi. Mutanenmu na kasuwa su zo su ce ya jiki, amsa ɗaya gare ni. Nas ta tambayi Kawu, ya ce ai mara lafiyar ya ce da sauƙi.

Sai na daina taɓawa.

Kwana uku. Dattawa suka zo dubiya bayan Juma'a, na yi shiru. Kawu ya ce ina kunyata shi, ya miƙa hannu ya taɓa da kansa. Na rufe idona.

Da matar nan ta dawo zagaye aka ce mata na yi fushi ne kawai. Ba ta kalli Kawu ba, ni ta kalla. Ta buɗe wani shafi mai zanen jikin mutum. Na ja yatsata har kan ƙafar dama.

Hoto ya nuna gudan jini a jijiya. Likita ya ce, "Da ya ɓalle ya kai huhu, da yanzu ba wannan maganar muke yi ba."

Ta nuna mini shafin haruffa. Ɗaya bayan ɗaya na haɗa: Kawu, sa babu sauƙi.

Ya ce, "Ɗan nan, bakina ba zai faɗi wannan a kanka ba. Kamar mun kai ƙarar Allah ne."

Na rubuta masa: Allah ya riga ya sani. Likita ne bai sani ba.

Sannan ya juya wa gadon baya ya naɗa, murya ƙasa-ƙasa. Da na taɓa, sai na ji ya ƙara da "amma mun gode Allah". Na bar masa.

An cire bututun bayan wata biyu. Yanzu ina gashin ƙashi sau biyu a sati.

Shawarata: in ƙafa ta fara mutuwa tana hawa sama, a tafi asibiti a ranar. In naka ya rasa murya, tambayi ko akwai irin wannan na'ura. In babu, a zana jiki da haruffa a kwali. A sa masa "a'a", a sa masa "ciwo". Majinyaci ba don ya gaishe ku aka kwantar da shi ba.

Na gode wa Allah, da matar nan, da Kawu. Waɗanda ba su zo ba, ban riƙe kowa ba, amma na lura.

Ga abin da na tsira da shi: ƙafa biyu masu kai ni masallacin layinmu, yatsu takwas masu aiki, da murya dusasshiya wadda take tawa.