Malamin Noma Ba Gona

Malam Armaya'u ɗan Babban Duhu ne, wani ƙauye a ƙasar Safana, amma tun da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga ya kwaso iyalinsa ya dawo Batsari, yana koyar da noma a firamare. Malamin noma ba gona, sai alli. Har babur ɗinsa kewar gida yake, da an doshi hanyar Safana sai ya kama tari.

Shi bai yarda da haddar aku ba. Sai ya sa yara su zana da'irori, kowace da kalmarta, ruwa, shuka, tsiro, girbi, su ja kibiya daga abin da ke farawa zuwa abin da ke biye. Ya ɗauki hotunan a waya ya tura wa ƙanwarsa Mahfuza, mai karatun kwamfuta a Katsina, ita kuma ta zuba wa na'ura ta tankaɗe su kamar gari, ta ware masu tunani iri ɗaya.

Ran nan ta kira. "Yaya, ajinka ya rabu biyu. Wasu sun ja kibiya daga ruwa zuwa shuka, yadda littafi ya ce. Sauran sun juya ta, wai shuka kafin ruwa. Noman baya-baya kake koya musu?"

"Karanto mini sunayen, sarkin iyayi."

Ta karanto. Masu juya kibiyar 'yan ƙauyen Yasore ne da na ƙauyukan Safana, waɗanda suka taso a gona kafin a gudo. Malam ya yi dariya har da buga cinya. "Ke kin manta binne? Baba ba ya jiran sama. A busasshiyar ƙasa yake binne gero, ruwan fari ya tarar da shi."

"Af! To ɗanka Munir yana cikin 'yan littafi. Sai ka ba shi tukwici."

Dariyar ta tsaya cak. A goye aka fito da Munir, bai taɓa taka gonar kakansa ba. Abin da Malam ke tsoro ke nan, ranar da hanya za ta buɗe yaron ya isa gonarsu a matsayin baƙo.

Da la'asar ya ari sungumi, ya ɗebi gero, ya ja yaron bayan gidan haya. Ƙasa ƙeƙasasshiya, ko raɓa babu.

"Baba, ai ba a yi ruwa ba."

"Zuba dai, ka taka da diddige."

Yaron ya taka. "A gonar Kaka ma haka ake yi?"

"Haka."

"Yaushe za mu je?"

Malam ya ɗaga kai ya dubi gabas, sama fes. Ya sake sara wani ramin.

"Zuba," ya ce.