Ammu Sale, Wanda Ya Ba Ni Aikin Tare Mutane

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi ina garejinmu a Madinar Masana'antu, nan Jidda, ina kwance tayar wata mota, sai Abdullahi, babban ɗan Ammu Sale, ya kira ni. Ya ce, "Gambo, Baba ya cika. Bayan la'asar za a yi masa salla a unguwar Waziriyya." Na san yana jinya, amma ban zaci abin zai zo da wuri haka ba. Na ajiye sifana na zauna a ƙasa.

Ga wanda bai san shi ba, Ammu Sale, wato Baffa Sale da Larabci, shi ne mai kula da shirin ko-ta-kwana a ƙungiyarmu ta tseren motoci a sahara. Haifaffen Jidda ne; kakansa ya zo aikin hajji daga Katsina bai koma ba. Bai taɓa tuƙa motar tsere ba, bai kuma damu da wanda ya zo na ɗaya ba. Damuwarsa ita ce, idan mota ta kife da mutum a ciki, wa zai yi me.

Kafin kowane tsere sai ya tara mu, ya zaunar da ɗayanmu a mota ya ce, "Wannan ya yi hatsari. Yalla, kowa wurinsa." Ba ma so. Wasu har cewa suke yana da mugun baki, mutum da lafiyarsa ana gwada ɗaukarsa. Shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce, "Ranar hatsari kanku ba zai yi aiki ba. Tunanin yau za mu yi shi, ranar sai dai a aikata."

Da ya raba aiki, wani ya samu tukunyar kashe gobara, wani cire batir, wani oba-oba don kiran motar asibiti. Ni sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai Gambo, Allah ya ba ka ƙirji. Aikinka tare mutane." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Ammu, bakanike guda, tun daga Kano, in zo in zama ƙyaure?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wuta ina da maganinta. Masoya ne ba ni da maganinsu sai kai." Ya san halinmu: da an yi hatsari sai a ruga a finciko mutum, a zaunar da shi, a cire masa hular kwano, a kwara masa ruwa. Duk don ƙauna. In wuya ya taɓu kuwa, wannan ƙaunar ce za ta kwantar da shi har abada.

Ranar ta zo mana a wurin gwaji, cikin yashi a bayan gari. Direbanmu Yasir, ɗan Alhaji Bashir mai ƙungiyar, ya hau wani tudu da gudu, motar ta yi adungure ta dira a kan tayoyinta. Mai nuna masa hanya ya fito da kansa. Yasir bai fito ba. Yana magana, amma ya ce wuyansa na ciwo, kuma ba ya jin ƙafafunsa. Ammu Sale ya tabbatar babu wuta, ya shiga ya riƙe masa kai da hannu biyu.

Sai ga Alhaji a guje. Shi ne uban yaron, shi ne kuma kafilina, wanda iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa. Na sha gabansa na rungume shi. Ya doke ni a ƙirji yana ihu, "Sake ni ya Gambo, ɗana ne! Wallahi yau iƙamarka ta ƙare!" Yasir kuma daga cikin mota yana kira, "Baba, fito da ni." Ban taɓa jin tausayi da tsoro irin na lokacin ba, har hannuna ya fara saki. Sai na ji muryar Ammu Sale, a natse kamar yana neman a miƙo masa shayi: "Gambo, kada ka sake shi. Ya Abu Yasir, yi masa addu'a daga nan, yana jin ka." Haka muka tsaya har ma'aikatan asibiti suka iso, suka ɗaure wuyan, suka zare shi a kan allo.

Likita ya ce ƙashin wuya ya tsage, da an finciko shi da wuya ya sake takawa. Ko a hakan bai yi mana alkawarin komai ba. Yasir ya yi watanni a kwance. Kowace Juma'a Ammu Sale na zuwa duba shi, bai taɓa tayar da zancen ranar ba. Da Alhaji ya sumbaci kan Ammu a gaban jama'a, cewa kawai Ammu ya yi, "Halas, ya wuce, a canza mana tukwanen kashe gobara, sun tsufa." Iƙamata dai tana nan.

A Waziriyya, da aka idar da salla aka zo ɗaukar makara, na ga Yasir ya kutsa gaba yana ɗan ɗingishi, ya sa kafaɗa. Alhaji ya miƙa hannu zai karɓe shi, yana tsoron wuyan. Yasir ya ce, "Bari, Baba. Da ƙafafuna zan raka shi." A nan ne na yi kuka.

Ya Allah ka ji ƙan bawanka Sale, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Umma Hadiza, matarsa, da Abdullahi da ƙannensa haƙurin rashinsa, ka zama gatansu. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.