Saiwar Albasar Mushe Illa

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar aminina Mushe Illa. Ba na mantawa, don shekarar husufin rana ce, wadda muka fita salla da hantsi a nan Tawa. Damina na sauka muka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa.

Shi malamin lakwal ne, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, mai koyar da ilimin halittu, ni kuwa tawada da alƙalami na sani, da ajami nake rubutu. Mutanensa manoman albasa ne a wajen Kalfu, kuma ba a rasa albasa ɗaya bisa kofin shayi a zaurensa, gindinta cikin ruwa har ta fid da saiwa. Wata rana ya yanki kan saiwar, ya ɗiga mata launi, ya matse ta tsakanin gilasai biyu, ya sa a madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, mikroskop.

Ya ce duk mai rai, albasa ko ɗan Adam, da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi. Ƙwaya takan ci ta girma, ta kwafi abin da ke rubuce a cikinta, sannan ta rabu biyu, kowace da nata kwafin cikakke. Ni da na sha wuyar kwafar littafi da hannu, na ce wane marubuci ne wannan da ba ya tsallake layi?

"Leƙa, Malam, ka bar gardama," in ji shi.

Na leƙa. Ban ga komai ba sai farin haske da gashin idona. Girman kai ya hana ni faɗa. Na ce, "Tabarakallah, na gani."

"To, rubuta min shi da ajami in kai Kalfu. Ba su jin faransanci, kullum tambayata suke mi nike koya ma ɗiyan mutane."

Na yi alkawari, alhali a wurin malamina na koyi cewa ba a sa alƙalami a kan shaidar da ido bai gani ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Shekara uku yana tsokanata: "Malam, tawadar ce ta daskare, ko alƙalamin ya tafi Makka?" Ina dariya, ina cewa gobe, har goben ta ƙare.

Yau jikokina suna nuna mini ƙwayar nan tana rabuwa a cikin waya, kamar ana tsinka curin fura. Ina tambayar kaina, da Illa na nan, murna zai yi, ko zai ce wanda bai jiƙa albasarsa da hannunsa ba bai ga komai ba? Ina zaton na biyun. Ɗiyarsa Hadizatu, wadda ke aikin awon jini a gidan likita, ta gaya mini cutar da ta ɗauke shi ma rabuwar ƙwayoyi ce da ta ƙi tsayawa. Har yanzu ina juya maganar: me ke gaya wa ƙwaya ya isa haka? Allah ne Masani.

Watan jiya na cire kunya na faɗa wa Hadizatu gaskiya, cewa ban ga komai ba ran nan. Ta yi dariya har da hawaye.

"Haba Baba! Ai daidai idonshi ya gyara madubin. Da ka yi magana, wani ɗan maɓalli kawai za a murɗa."

Ta fito da madubin mahaifinta, ta jiƙa albasa, bayan kwana huɗu na koma. Ta murɗa, sai ga ƙwayoyin jere kamar tubalin gini, wasu cikinsu da zare-zare sun ja gefe biyu, ana tsakiyar rabo. Na daɗe ban ɗago ba.

Na rubuta shafi biyu, na hau mota zuwa Kalfu. Cikin waɗanda suke tambayarsa, wansa Alhaji Sha'aibu kaɗai ya rage. Ya bi layukan da yatsa har ƙarshe, ya dubi fadamarsa, ya ce, "Ashe aikin da Illa ya yi ke nan. Mu muna noma ta, shi yana leƙa cikinta."

Illa bai bar gida mai bene ba. Ya bar ɗiya mai murɗa madubi, da tsoho ɗaya da ya koyi cewa "ban gani ba". Na sauke kayanka, Mushe. Ka yafe jinkirin.