Goran da Yayana Ya Rataye a Tsibiri

Shekaru da yawa na yi ina karya kumallo da tuwon da ba don ni aka ajiye ba. Kullum Inna ta kwashe tuwon dare sai ta sa malmala biyu a wani kwano mai shuɗin murfi, ta ɗora a kan randa, wai kada yayana ya iso ya tarar ba abinci. Da safe, tunda bai iso ba, sai a ɗumama a miƙo mini. Abokaina 'yan albasa a kasuwar Illela suna tsokanata cewa ni ne mutum na farko da ya ci gadon mai rai. Nakan yi dariya tare da su, amma abin yana yi mini ciwo.

Yayan nawa arewa ya nufa neman aiki. Ya kira daga Tawa, ya kira daga Agadas, ya sake kira sau ɗaya daga wani wuri da iska ta hana mu jin sunansa. Daga nan shiru. Aka yi cigiya, aka gaji. Kawunnanmu suka ce a yi masa sadaka a huta, domin shekaru sun haura goma. Inna ta ce ba wanda zai yi wa ɗanta sadaka goransa yana rataye.

Wannan magana tana da asali. Can cikin tafkin da ke wajen Kalmalo akwai wani tsibiri na baƙin dutse, a kansa akwai tsohon masaukin fatake. Kakanmu bafatake ne, a nan yake yada zango da jakunansa kafin ya shiga daji. Al'adarsu ita ce, duk mai tafiya mai nisa ya kwana a gidan, da safe ya rataye goran ruwa a bango. In ya dawo, shi da hannunsa zai sauke abinsa kafin ya shiga gida. Ba mai taɓa goran wani. In kuwa dangi suka fid da rai, su ne za su je su sauke, ranar nan a yi sadaka. Yawancin mutane sun bar wannan tuntuni, amma ban da Inna. Ita ta tilasta wa yayana, mai wayar hannu da gilashin rana, ya je ya kwana can. Ita ta ɗaura wa goran jar igiyar fata, ta raka shi har ta ga inda ya rataye. Yana tafe yana mita, wai an mayar da shi mutumin da.

Shekarar da ciwon ƙafa ya fara kwantar da Inna, wata safiya ta kira ni ta ce in kai ta tsibiri. Ta ce ba ta son ta mutu ta bar ɗanta a rataye, ba shi cikin masu rai, ba shi cikin waɗanda aka yi wa addu'a. Ta ce in mun dawo in auno geron sadaka. Na ji tausayinta, kuma ba zan ɓoye ba, na ji sauƙi.

Na goya ta a babur har bakin ruwa. Tafkin nan yakan ƙafe har a noma cikinsa, amma tun bara ya cika ya batse, sai da kwalekwale. Mai fiton wani dogon mutum ne da magana ke yi wa wuya. Abu ɗaya kawai ya faɗa mana: ba zai dawo ɗaukarmu ba sai bayan azahar, domin ba a ƙetare ruwan nan rana tana tsaka. Na tambaye shi dalili, ya ce haka ya tarar.

Dutsen wurin ba irin wanda na sani ba ne. Baƙi ƙirin, duk huji kamar soso, in ka ɗaga kuma ba nauyi. Tsofaffi suna cewa wuta ce ta taɓa ɓullowa daga ƙarƙashin ƙasa ta ƙone wurin. Wani malamin makaranta ya ce mini kashin maƙera ne, wato ragowar narka ƙarfe na mutanen da. Ni dai ban san na gaskiya ba, abin da na gani shi ne ko ciyawa ba ta son wurin, kuma tun da muka sauka ban ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba.

Da dutsen aka gina gidan. Zaure ɗaya, ɗakuna jere masu gajerun ƙofofi, sai ka rusuna kamar mai gaisuwa za ka shiga. Waje rana tana gasa mutum, ciki kuwa sanyi har cikin ƙashi. Turakun jakuna suna nan sun yi santsi, kuma har yanzu bangon yana warin kanwa. Masu sauka a yanzu ba su da yawa: masunta in ruwa ya kawo, wani lokaci Buzu mai wucewa, sai 'yan makaranta daga Sakkwato da ke zuwa su ɗauki hoto su gudu. Amma kowane ɗaki a share yake, da tabarma a shimfiɗe da buta cike da ruwa, kamar ana jiran ayari.

Mai yin wannan aiki wata tsohuwa ce da ta gaji gidan daga dangin mijinta. Idanunta sun yi fari, haske da duhu kawai take bambancewa. Inna ta gaishe ta da Gwaggo, ta faɗi abin da ya kawo mu. Tsohuwar ta dafa bango ta shige gaba muka bi ta.

Tun kafin mu isa ɗakin ƙarshe na fara jin wani gunji, ƙasa-ƙasa, kamar mutane da yawa suna nishi baki rufe. Na ja na tsaya. Iska ce ke shigowa ta hujin dutse tana busa bakin goruna. Goruna ne daga ƙasa har rufi, kowane a kan ɗan itacen da aka kafa a bango. Wasu sun yi baƙi sun tsage, wasu ƙwari sun cinye sai wuya da igiya. Har da na roba guda biyu ko uku. Duk masu su sun ce za su dawo.

Inna ba ta yi lalube ba. Ta nufi kusurwar dama, kusa da taga, ta miƙa hannu. Hannun ya tsaya a sama. Itacen yana nan, ba komai a kansa. A bango sai shatar goran, inda ƙura ba ta taɓa ba.

“Gwaggo, wa yas sauke goran ɗana?”

“Wane na?”

“Mai jar igiya, nan kusa ga taga.”

Tsohuwar ta juyo da fuskarta wajen muryar Inna. Sannan ta ce, “Mai shi yaz zaka ya ɗauki abinai. Bara, da ruwa ya cika.”

Na ce ƙarya ne, ko dai wani ɗan makaranta ya sace. Inna ta harare ni na kama bakina. Tsohuwar ba ta ji haushi ba. Ta ce ranar tana zaune a zaure, rana tsaka, ta ji sallama, muryar namiji, ba yaro ba, ba tsoho ba. Ta amsa, ta ce ya shigo ya huta. Bai zauna ba. Ya wuce ɗakin goruna kai tsaye, kuma ba ta ji yana ɗaga wannan yana ajiye wancan ba, kamar yadda ɓarawo ko baƙo zai yi. Ya shiga ya fito. Da ya zo wucewa ta miƙa hannu ta shafa goran, ta ji igiyar fata da ƙulli uku. Inna ta ce ita ta yi ƙullin. Tsohuwar ta ce ya tambaye ta abu ɗaya, ko matar nan ta Illela mai ɗaura jar igiya tana da rai. Ta ce masa ba ta ji rasuwarta ba. Ya ce to.

Inna ta dafa ni.

“Gwaggo, ya sha ruwa?”

“Na ba shi moɗa. Na jiya shina sha.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Inna. “Matacce ba shi shan ruwa.”

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba tun ina yaro. Ta zauna a ƙasa tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Ni kuwa zuciyata tafasa take. Wato yana da rai. Wato ya zo har nan, inda in ka hau dutsen za ka hango hanyar gidanmu, ya tambayi ko uwarsa na da rai, aka ce tana nan, ya juya. Na tuna kwanon nan mai shuɗin murfi, na ji da zan gan shi a lokacin da sai an raba mu. Na faɗa wa Inna haka. Ta ce wataƙila kunya ce, ya dawo hannu biyu. Ta ce mai kunya yana zuwa, sai dai ya daɗe.

Ta shiga ɗaya daga ɗakunan baƙi ta kishingiɗa, barci ya ɗauke ta nan take. Na fito zaure na zauna ina huci. Rana ta take tsaka, ruwan ya kwanta ko motsi babu, gorunan ma sun yi tsit. Tsohuwar ta lallaɓo ta zauna kusa da ni. Tana murza carbi ta ce mini:

“Ɗana, uwarka ta tambai ko ya sha, na hwaɗa mata abin da kunnena yaj jiya. Ba ta tambai moɗa ba.”

Na ce me ya sami moɗar.

“Da yam maido min ita, cike take awa yadda nib ba shi. Ko ɗigo bai ragu ba.”

Ta ce ba ta ji tafiyarsa ba. A kan dutsen nan ko kaza ta taka sai an ji, amma ita dai ta ji shiru, ta kira, ba amsa. Ta tashi ta shige ciki ta bar ni. Randar tana gefena, moɗar a kife a kan murfi. Ƙishirwa nake ji sosai, amma ban sha ba.

Da mai fito ya dawo, na ja shi gefe na tambaye shi ko bara ya ƙetarar da wani baƙo da ya fito da gora. Ya ce shi da ƙanensa kaɗai ke fito a wannan gefen, kuma a cikinsu ba mai sa kwalekwale a ruwa da tsakar rana. Na ce ko da ƙafa baƙon ya zo. Ya nuna mini sandar tuƙinsa, wadda ta fi shi tsawo, ya ce bara nan wurin sai da ta nutse duka.

A cikin kwalekwale Inna sai hira take, har tana tsokanar mai fiton wai ko haraji ake biya a kan magana. Ni ina kallon ruwa. Na rasa wanda zan zaɓa, ɗan'uwa mai rai da ya ƙi mu, ko wanda ya rasu amma ya tako tun daga inda ya faɗi don ya sauke goransa da kansa, ya hutar da uwarsa. Na buɗe baki zan faɗa mata maganar moɗa, sai ta juyo ta ce, “Kak ka auno geron nan. Ka biya kasuwa ka sawo nama.”

Na sayo. Da yamma ta yi miyar da ta daɗe ba ta yi irinta ba, ta sa malmala biyu a kwanon, ta zaɓi tsoka mafi girma ta ɗora, ta rufe. Washegari aka ɗumama aka miƙo mini. Ta zauna a gabana tana kallona kamar kullum, tana cewa in ci, gobe wataƙila ba zan samu ba. Na yi bismilla na sa hannu. A zuciyata na karanta masa abin da ake karanta wa mamaci, sannan na ci, na ce mata miyar ta yi daɗi.