Fitila ta Biyar a Katakon Fundi Bundala

Duk ranar Asabar, kafin rana ta take, Milembe kan sauko daga unguwarsu ta kan duwatsu riƙe da ƙunshin soyayyiyar karfasa, ta ratsa cinkoson tsakiyar Mwanza, ta shige lungun masu gyaran waya da kwamfuta. Shago na ƙarshe take zuwa, wanda ko allon suna ba shi da shi. Ta durƙusa ta gaida tsohon da ke ciki, ta ajiye ƙunshin, shi kuma ya fara mitar da ya saba: kifin ya yi gishiri, ita da uwarta so suke su ga bayansa. Sannan ya cinye har kai. Shekara huɗu ke nan ana haka.

Tsohon shi ne Fundi Bundala (fundi a bakin mutanen garin shi ne gwanin gyara), kuma ba a harkar kwamfuta ya tashi ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana haɗa wutar motocin haya a tashar Buzuruga, kwance ƙarƙashin bas, guntun waya a baki. Wata rana wani mai mota ya tsaya masa a ka, fasinja sun cika suna jira, ya miƙo masa wata waya da aka rubuta a jikinta wai tana ɗaukar wuta mai yawa. Bundala ya ji ta siririya a hannu, amma ya bi rubutun ya haɗa. Motar ba ta bar tasha ba ta kama da wuta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, don shi ne ya tura hannu ya fizge kan batir, kuma har yau fatar bayan hannunsa na dama a tattare take. Daga ranar ya yi sallama da yarda da abin da aka rubuta a jikin kaya.

Da bayansa ya gaza ya bar tasha, ya koyi buɗe kwamfuta yana da shekara hamsin da ɗoriya. Abu biyu ya taho da su lungun: taurin kansa, da wani katako mai tsawon hannu. A jikin katakon ya jera ƙwan fitilar mota goma, kowanne da makunninsa, da mita mai allura a gefe. Kowane ƙwai wat hamsin da biyar yake sha. Duk akwatin wuta, wato mai raba wa kwamfuta lantarki, da ya shigo shagonsa sai ya hau katakon nan ya faɗi gaskiyar ƙarfinsa. 'Yan lungu suna kiran abin bishiyar Kirsimeti, suna dariya, suna ci gaba da ɗaura wa mutane kaya a minti goma. Ni dai na sha ganin masu minti goman nan suna rantse-rantse bayan kwana uku, kwamfutar mutum tana warin ƙauri a gabansu.

Milembe ba ta san shi ba sai a makon da ya fi kowane mako nauyi a rayuwarta. Ita mai zana taswirar gidaje ce a ofishin wani magini. Mahaifiyarta, Maman Sayi, shekara talatin ta yi tana suyar kifi a bakin mashigar jirgin ruwa, da shi ta yi wa 'ya'yanta biyu karatu. Hawan jinin ido ya riga ya cinye mata idon dama, na hagun kuma ya tsuke, tana gani kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likita ya sa ranar Alhamis don yin aiki, bai kuma ɓoye musu ba: mai yiwuwa a ceci abin da ya rage, mai yiwuwa a rasa shi gaba ɗaya.

Milembe ta daɗe da mallakar wani ɗan fili a Kisesa, ta kuma zana wa uwar gida tsaf, daga ƙofa har makewayi. Amma gidan a cikin kwamfuta kaɗai yake, ko bulo ɗaya ba a aza ba. Ta taɓa nuna mata a takarda, tsohuwar ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, ta ce ita ragar kamun kifi take gani. Abin da Milembe ke so shi ne ta shiga da ita cikin gidan a fuskar kwamfuta, da launinsa da haskensa, ɗaki bayan ɗaki, tun idon yana gani. Tsohuwar kwamfutarta kuwa da an ce ta yi wannan aiki sai ta sandare. Yayanta Sayi ya samo mata katin hoto mai ƙarfi, irin wanda ake ƙara wa kwamfuta, a Dar es Salaam, ya sako shi a bas, ya iso ranar Litinin.

"Cusawa kawai za a yi," in ji shi a waya. "Na haɗo miki da 'yar wayar jona wuta. Kar ki bari wani ya ja miki rai."

Talata da safe ta ɗauko akwatin kwamfutar a bajaji, wato babur mai ƙafa uku. Shago biyu na farko suka ce katin ya fi cikin akwatin tsawo, sai an cire wani ƙarfe, su kuwa ba su da injin huji. Suka nuna mata ƙarshen lungu, suka ce ta je wurin tsohon mota.

Bundala ya auna katin da zare, ya auna cikin akwatin, ya ce wannan ƙaramin abu ne, ƙusa huɗu zai huda. Har ta fara murna sai ta ga ya bar ƙarfen ya koma kwance akwatin wuta.

"Baba, ba wannan na kawo ba. Lafiyarsa ƙalau. Ga shi nan an rubuta, wat ɗari shida."

"An rubuta," ya ce. Ya ɗora shi a tafin hannu ya jijjiga. "Ji nan, 'yata. Gwangwanin madara ya fi shi nauyi. Ina ɗari shidan ta ɓuya?"

Ya sa tabarau ya bi ƙananan rubutun gefe da farce, ya nuna mata cewa layin da katin zai sha daga gare shi ko rabin abin da aka rangaɗa da manyan baƙaƙe bai kai ba. Ya zazzago wayoyin, ya ce babu fulogi mai baki takwas irin wanda katin yake nema. Ta miƙa masa 'yar wayar da Sayi ya aiko. Ya riƙe ta da yatsa biyu, ya ɗaga ta sama.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Yayana."

"Yana ƙaunarki kuwa?"

Kishosha, mai sayar da rigunan waya a shagon gefe, ya leƙo kai yana dariya. "'Yar'uwa, kin shigo hannu. Yau sai kin kalli Kirsimeti a watan Yuni."

"Koma ka sayar da robobinka," in ji Bundala. Ya juyo gare ta. "Zan hau da shi katako. In gaskiya ya faɗa, in ɗaura miki ki tafi. In ƙarya yake, zai iya mutuwa a nan. Kin yarda?"

"Na yarda, Baba, amma don Allah ka yi sauri."

Ya jona, fankar ta fara juyawa. Ya kunna ƙwai na farko, na biyu, na uku, shagon ya yi haske fes. A na huɗu allurar mita ta sunkuya, fitilun suka yi ja. Ya dube ta, ta ɗaga masa kai. Yana taɓa makunni na biyar sai ji kake fat! Fitilun suka yi wani irin walƙiya, biyu suka fashe, hayaƙi mai wari ya turnuƙe daga bayan akwatin.

Milembe ta tsaya ƙiƙam. Da safe ta fito da kwamfuta mai jinkiri, yanzu ba ta da kwamfuta sam. Kunya ta sauka daga idonta, ta faɗa masa maganganun da har yau in ta tuna sai ta rufe fuska. Ta ce ya kashe mata kaya don ya burge 'yan lungu. Ta ce da ta sani da ta tsaya wurin yara masu ido, ba tsohon da ya gaji da mota ya zo yana koyo a kan kayan mutane ba.

Ta tsaya ta ja numfashi. Sannan ya ɗauko ɗaya daga fasassun ƙwayayen ya ajiye kusa da katin.

"Wannan da ya fashe, katinki ne. Da shi da ma'ajiyar aikinki duka. Da akwatin nan ya kai ki gida, ya jira sai kin ɗora masa aiki mai nauyi, sannan ya yi wannan. Akwatin kirki sai na aika Dar, zai zo Jumma'a."

"Jumma'a," ta ce. Ta zauna a kan benci ta faɗa masa komai, idon, likitan, Alhamis ɗin, gidan da ba a gina ba. Har Kishosha ya janye kansa ya koma shagonsa.

Bundala ya daɗe yana murza bayan hannunsa. A kusurwar shagon akwai tasa kwamfutar, wadda yake duba taswirar wayoyi a cikinta in aiki ya cije, wadda kuma yake ganin jikokinsa na Arusha da ita duk yamma kafin ya rufe. Ya tashi ya kashe ta, hoton jikokin ya ɓace daga fuskarta, ya kwantar da ita, ya ciro akwatin wutarta. Da hannu biyu ya ɗago shi.

Kar ka ce don nasa ne ya ɗaga masa ƙafa. Sai da ya canza ƙwayayen da suka fashe, ya hau da shi katako a gabanta. Ƙwai takwas suka kama tar, allura ko gezau. Ya nuna mata fulogi mai baki takwas da ya fito daga cikinsa kai tsaye, ya jefa 'yar wayar Sayi a kwandon shara, ya ce ta gaishe shi. Ya huda ƙusoshin, ya cire ƙarfen, ya zaunar da katin har ya yi ƙas. Sannan ya sa ta buɗe gidan nata, ta yi ta zagaya shi awa guda cur, shi kuma yana tsaye da hannu a bakin fanka yana jin ɗumin iskar.

"Baba, jikokinka fa?"

"Sun san fuskata, ba wani kyau gare ta ba. Ɗauki ki tafi kafin in canza ra'ayi."

Laraba bayan azahar Milembe ta saki labule, ta zaunar da uwar a kujera, hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta kama linzamin kwamfutar ta tsayar da ita a bakin wata ƙofa shuɗiya, da bishiyar mangwaro a hagu. Maman Sayi ta yi ta juya kai a hankali, tana bin hoton da ɗan abin da ya rage mata na gani.

"Wannan ƙofar wa ce?"

"Taki ce, Mama."

Suka shiga. Falo, taga mai kallon gabas, ɗakin kwana da gado a jikin bango. Da suka kai madafa, tsohuwar ta tsayar da ita.

"Ke, wa ya ce miki ana soya kifi a cikin ɗaki? So kike in shaƙe? Fitar min da murhu waje, ƙarƙashin rumfa."

Milembe tana dariya tana share hawaye ta fitar da murhun, kwamfutar ta bi ta ba gardama. Aka ɗaga rumfa, aka matsar da randa kusa da ƙofa. Sai uwar ta dafa mata hannu.

"Mayar da ni bakin ƙofa. Ki tafi da ni a hankali, yadda nake tafiya. So nake in riƙe hanyar."

Sau bakwai suka bi gidan kafin rana ta yi sanyi.

Aikin ranar Alhamis bai ceci idon ba. Abin da ya rage wa Maman Sayi shi ne bambanta rana da inuwa. Milembe ta yi kuka mai yawa a makon, amma ko a cikin kukan tana gode wa Allah da ya ba su Laraba, tana gode wa tsohon da ta zaga. Da sabon akwatin wuta ya iso ta mayar masa da nasa, ta durƙusa za ta ba da haƙuri, ya ce ta matsa tana tare masa haske. A Asabar ɗin da ta biyo baya ne uwar ta ce a kai ta gaban kasko, ta soya karfasa da jin ƙarar mai kaɗai, ta ce a kai wa Fundi.

Ginin ya ɗauki shekara uku, ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Ranar tarewa Milembe ta aika bajaji ya ɗauko Bundala, ya zo cikin kwat ɗin coci yana mitar nisan Kisesa. Aka sauke Maman Sayi a bakin gida, Sayi ya kama mata hannu zai ja ta, ta zame.

"Sake ni. Na san gidana."

Ta taka ita kaɗai. Ta ratsa falo, ta kauce wa bangon ɗakin kwana daidai inda ya kamata, ta fita ta ƙofar baya, ta miƙa hannu ta taɓa murhu a ƙarƙashin rumfa. Sannan ta dawo bakin ƙofar gaba, ta shafa katakon da tafin hannu.

"Shuɗi kuka shafa mata?"

"Shuɗi, Mama."

"Yauwa. Haka na gan ta." Ta juya wajen da take jin tarin tsohon. "Fundi, kana nan? Matso in ji hannun nan da ya ƙona wa 'yata kaya."

Ya matso ya miƙa mata na daman. Ta riƙe shi da hannu biyu, yatsunta suna bin tattararriyar fatar, ba ta sake shi ba har aka kira mutane cin abinci.